Lita ɗaya ba ta maye buhu huɗu: magana kan takin gargajiya da na zamani

A kasuwar Mai'aduwa, gab da faɗuwar damina, wani mai talla ya ɗaure lasifika a kan mota yana ɗaga wata 'yar jarka mai cin lita ɗaya. Wai takin ruwa ne na "oganik", wai jarka ɗaya ta isa hekta guda, wai ta ɗauke wa manomi sayen buhu huɗu na kamfa, wato takin zamani na NPK. Ya ƙara da cewa takin zamani guba ne, shi ya kashe mana ƙasa. Mutane na ta miƙa kuɗi.

Ban ga laifin masu saye ba. Wanda ya san ana sayar da buhun kamfa naira 5,500 a 2017, ya kuma ga inda farashi ya kai yau, duk wanda ya ce masa ga mafita zai tsaya ya saurara. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ga matsayina tun da wuri. Idan amfanin daminar bana ake magana, kilo da kilo, takin zamani ya yi wa na gargajiya nisa, kuma duk mai ce wa manomin Katsina ya watsar da shi cutarsa yake yi. Sai dai a irin ƙasarmu ta jigawa, takin zamani shi kaɗai ba ya biyan kuɗinsa yadda ya kamata, kuma in aka daɗe a haka gonar ja da baya take yi. Wanda kuɗinsa bai kai ba, kada ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya. Ya rage faɗin wurin da zai sa wa taki, ya haɗa su biyun a gindin shuka.

Lissafin da ke jikin buhu

Lambobi ukun nan da ke jikin buhu ba ado ba ne. Kamfa mai 15-15-15 na nufin a kowane kilo 100 akwai kilo 15 na naitirojin, 15 na fosfet, 15 na fotash. Buhu mai kilo 50 ke nan yana ɗauke da kilo bakwai da rabi na kowanne. Mai 20-10-10 yana da kilo 10 na naitirojin da biyar-biyar na sauran. Yuriya kuwa kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, wato kilo 23 a buhu, kuma ba ta da komai bayan shi.

Abin da masana suka daɗe suna ba da shawara a kai a arewacin ƙasar nan: gero yana son kimanin kilo 60 na naitirojin, 30 na fosfet, 30 na fotash a hekta. Masara, a inda take yi sosai irin su Funtuwa da Bakori da Ɗandume, ninki biyun haka take so, 120 da 60 da 60. A buhuna, na gero ya kama buhu 4 na 15-15-15 da yuriya kilo 65. Na masara buhu 8 da yuriya kilo 130.

To, a dawo kan jarkar malam mai lasifika. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ko da ɗan ɗori. Ko a ce babu ɗigon ruwa a ciki, duk abincin shuka ne zalla, kilo ɗaya ne dai. Buhu huɗu na kamfa kuwa kilo 90 na abincin shuka ke cikinsu. Ba sai an je jami'a ba.

Busasshen kashin shanu irin na garkenmu yana da naitirojin wajen kashi ɗaya cikin 100, sau da yawa ma bai kai ba, saboda yashin da ake kwasowa tare da shi. Tan ɗaya, kilo 10 ke nan. Kuma ba duka shuka ke samu a shekarar farko ba, sai ya ruɓe tukuna. Abin da ke fita a daminar farko bai cika wuce kashi ɗaya bisa uku ba. Mai son ba geronsa kilo 60 da kashin shanu kaɗai, a shekarar da ya fara, yana bukatar kusan tan 18 a hekta guda. Kashin kaji ya fi ƙarfi, ya ninka na shanu biyu zuwa uku, yana kuma saurin aiki, shi ya sa masu lambu ke rububinsa. Na tumaki da awaki yana tsakani.

"Ai kakanninmu ba su san kamfa ba, kuma sun cika rumbu"

Gaskiya ne, sun cika. Amma a duba yadda suka yi. Gonar karkara da ke bakin gari ita ke shan taki kowace shekara, mangala bayan mangala a kan jaki. Ta daji kuwa in ta gaji sai a bar ta saura, ta huta shekaru, a sari sabon wuri. Bayan kaka Fulani su sauka a gona su kafa mashekari, shanu su ci kara su bar kashi da fitsari, mai gona ya ba da damin gero.

Yau ina saurar take? A ƙidayar 2006 mutanen jihar Katsina sun kai miliyan 5.8, kuma tun daga nan gonaki sai ƙara tsagewa suke yi wajen rabon gado. Mashekari ya yi wuya, musamman a yankunan Batsari da Safana da Jibiya da Faskari, inda satar shanu da rashin tsaro suka raba mutane da dabbobinsu, suka kuma ɓata tsohuwar amanar da ke tsakanin manomi da makiyayi. Kara da harawa kuma ba a barin ko tsinke: na dabba, na danni, na girki, na sayarwa.

Ga wani lissafin da ba a cika yi ba. Saniya matsakaiciya irin tamu tana ba da kimanin tan ɗaya na busasshen kashi a shekara. Idan kiwo take fita, rabinsa a daji yake zubewa. Mai son zuba tan 5 a hekta, wanda shi ne gwargwadon da ake ganin tasirinsa sosai, sai ya mallaki shanu biyar a turke, ko goma masu fita. Manoma nawa ne a Sandamu ko Ɓaure ke da shanu goma a kan kowace hekta?

Saniya kuma ba ta ƙirƙirar taki. Abin da ta ci a wani wuri shi take kawowa wani wuri. Gonar Alhaji mai garke tana yin kyau ne da ciyawar makiyaya da karan gonakin maƙwabta. In kowa ya ce da kashin shanu zai dogara, babu inda za a samo shi.

Masu kawo hujja da Turai su ma su karanta har ƙarshe. A Rothamsted ta Ingila akwai gonar gwaji da ake shuka alkama a cikinta tun 1843, kuma lalle fegin da ake zuba wa takin garke yana kamo wanda ake sa wa na zamani. Amma tan 35 ake zuba masa a hekta, kowace shekara. Da aka tattara gwaje-gwaje masu yawa daga ƙasashe daban-daban kuwa, abin da aka samu shi ne noman da babu takin zamani a ciki yana kasawa da kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Siri Lanka ta gwada abin a kan ƙasa guda: a watan Afrilun 2021 gwamnatinta ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, shinkafa da ganyen shayi suka faɗi warwas, ƙasar da ke ci da kanta ta koma sayo shinkafa daga waje, kafin shekarar ta ƙare aka janye dokar.

"Takin zamani na kashe ƙasa"

Nan kam akwai ƙamshin gaskiya, kuma masu sayar da buhu ba sa son a faɗa.

Yuriya tana sa ƙasa tsami a hankali. Ƙasa mai laka tana iya jurewa shekaru, amma rairayi irin na Daura da Zango da Mashi ba shi da abin da zai tare. Da tsamin ya yi yawa, sai fosfet ɗin da aka zuba ya maƙale a ƙasa, saiwa ta kasa ɗauka. A Samaru ta Zariya an fara wani gwaji tun 1950, ana kwatanta fegin da ke samun kashin shanu, da mai samun takin zamani, da mai samun duka biyun. Fegin da aka daɗe ana ba shi naitirojin na buhu ba tare da kashi ba ya yi tsami, ƙarfinsa ya ragu. Wanda aka haɗa wa biyun shi ya riƙe.

Abu na biyu, kamfa abinci uku kawai yake kawowa. Shuka kuwa tana son wasu: farar wuta, zink, kalsiyam, magniziyam. Duk shekarar da aka kwashe hatsi da kara aka bar gona fayau, an tafi da su, kuma buhu bai mayar ba. Shi ya sa za ka ga manomi ya ƙara buhu, amfani bai ƙaru ba, sai ya ce gonar ta saba da taki ko ta mutu. Ba sabo ba ne. Wani abincin ne ya ƙare wanda babu shi a buhun.

Ganyen masara yana faɗa wa mai lura. In tsofaffin ganyen ƙasa suka fara rawaya daga tsini, ta bi tsakiyar ganye, yunwar naitirojin ce. In sababbin ganyen sama ne suka yi fari-fari, a tuhumi farar wuta. In ƙaramar shuka ta yi ja-ja kamar an shafa mata shuni a gefen ganye, fosfet ne babu. Farin zane a tsawon ganye kusa da gindi kuwa alamar zink ce. Mai ganin kowace rawaya ya ruga ya ƙara yuriya, asarar kuɗi yake yi a uku daga cikin huɗun nan.

Abu na uku shi ne riƙo. Ruɓaɓɓen abu a ƙasar jigawarmu bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Shi ne kuwa ke riƙe danshi, shi ke riƙe takin da aka zuba. Babu shi, marka ɗaya ta Agusta ta isa ta wanke yuriya ta kai ta inda saiwa ba ta kai. Kamar ɗiban ruwa da kwando ne. Wannan aikin ne takin gargajiya ke yi wanda babu buhun da zai yi shi, kuma yana daɗewa: abin da aka zuba bana, gonar za ta ci moriyarsa baɗi da baɗin baɗaɗa. Wuta-wuta ma, wadda ke addabar gero da dawa, a gajiyayyar ƙasa ta fi yin kaka-gida. Gonar da ke samun taki ba ta cika shan wahalarta ba.

Akwai masu cewa albasa da tumatirin takin zamani ba sa ajiyuwa. Yawan yuriya ne a ƙurarren lokaci. Albasar da aka ɗura wa yuriya bayan ta fara ƙwai takan yi katon wuya, ta ƙi bushewa, ta ruɓe a rumbu. Kashin kaji ma in ya yi yawa haka zai yi mata. Masu noman rani a Jibiya da Zoɓe da Ajiwa da Sabke su tsayar da naitirojin da zarar albasa ta fara ɗaura ƙwai.

Inda ake ɓata takin gargajiya

Mafi yawan takin da ake kaiwa gona ya riga ya rasa rabin ƙarfinsa kafin a shuka. Ana tara shi a fili, rana ta dake shi wata biyar. Fitsarin dabba, wanda kaso mai yawa na naitirojin ke cikinsa, ya tsiyaye a turke. Sannan a kai gona tun watan Maris a zuba tsibi-tsibi, iskar bazara ta kwashe mai laushin, ta bar yashi da tsakuwa.

Gyaran ba shi da tsada. A riƙa shimfiɗa ƙaiƙayi ko ragowar kara a turke don su sha fitsari, a kwashe duk mako. A haƙa rami a inuwa, zurfin kamar mita ɗaya. A jera: busasshen kara da ciyawa kaurin taki ɗaya na hannu, kashin dabba rabin haka, a yayyafa ruwa, a sake, har ya cika, a rufe da ƙasa ko tsohuwar tabarma. Danshin da ake so shi ne in ka damƙa ya dunƙule amma ruwa bai ɗiga ba. Bayan kwana huɗu ko biyar a soka sanda har ƙasa, a bar ta ɗan lokaci, a zaro. In ta fito da ɗumi, aiki na tafiya. In ta fito a bushe da farin gari-gari, ruwa ya yi kaɗan. In ta fito da wari da yauƙi, ruwa ya yi yawa, a juya a ƙara busasshen kara. A riƙa juyawa duk mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Tun watan Janairu ake farawa, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗanyen taki kuwa matsala ne. Yana ƙona ƙaramar shuka, yana jawo gara da gwazarma, yana kawo irin ciyawar da dabba ta ci. Zafin rami ne ke kashe irin. Kashin kajin gidan gona da ya cika da dusar katako yakan sa shuka ta yi rawaya a makonnin farko, domin ƙwayoyin da ke ruɓar da katakon su ma naitirojin suke ci, suna ƙwace na shuka. A bar shi ya ruɓe tukuna. Kada kuma a cakuɗa toka da ɗanyen kashin kaji ko da yuriya. Warin da ke tashi yana hawa ido, naitirojin ɗin ne ke guduwa. Toka tana da amfani, tana da fotash, tana rage tsami, amma a watsa ta daban.

Sharar birni da ake ɗauko wa manoman kewayen Katsina a tifa sai an yi hattara. Ta da toka ce da kashin awaki da shara. Ta yanzu rabinta leda ce, ga fasassun kwalabe, ga tsofaffin batura. A tsince, a tankaɗe. Wadda aka kwaso daga kusa da asibiti ko garejin makanikai kada ta shiga gonar abinci. Mai latas da kabeji da karas kuma kada ya sa ɗanyen kashi in bai rage wata uku zuwa huɗu a cire ba.

Inda ake ɓata na zamani

Watsa yuriya a kan busasshiyar ƙasa da rana tsaka, a tafi. Wani kaso mai yawa iska ke shanyewa. A tona rami da tsinken sanda, nisan yatsu huɗu daga gindin shuka, zurfin ɗan yatsa, a zuba, a take da ƙafa, kuma sai ƙasa na da danshi.

Sai jinkiri. Fosfet ba ya tafiya a ƙasa, kuma tun shuka na jaririya take bukatarsa don ta yi saiwa. Kamfa lokacin shuka ake sa shi, ko cikin mako biyun farko. Yuriya ta biyo baya a mako na huɗu zuwa na shida. A arewacin jihar, inda ruwa kan ɗauke kwana goma ko sha biyar bayan shuka, hikima ce a riƙe yuriya sai damina ta zauna. In an zuba sannan fari ya biyo, ga ƙuna ga asara. Gyaɗa da wake da waken suya kuwa sufa, wato takin fosfet, suke so, su da ke samo naitirojin ɗinsu daga iska. Zuba musu yuriya ganye kawai zai ƙara.

Wannan maganar lokaci ta shafi hukuma kai tsaye. Takin tallafi da ya iso hannun manomi a ƙarshen Yuli ya zama na 'yan kasuwa, don geron ya riga ya wuce lokacin da zai amfana. Gara buhu biyu a watan Mayu da huɗu a Agusta. Akwai kuma dokar kula da ingancin taki da aka sa wa hannu a 2019. Da ana aiki da ita a kasuwannin ƙauye, da mai cakuɗa kamfa da yashi da mai jarkar lasifika ba su yi ciniki a bainar jama'a ba. Ga kashin da ke taruwa a karar dabbobi ta Mai'aduwa da ta Charanci da mayankun garuruwa. A ce ƙananan hukumomi sun ba matasa fili da ruwa su riƙa ruɓar da shi suna sayarwa a buhu, da an rage wani abu.

Ga mai buhu ɗaya da amalanke biyu

Shi ne mafi yawanmu, kuma shi ne aka fi bari ba shawara.

Kada ya watsa ɗan takinsa ko'ina. A cibiyar binciken ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai an gwada sa wa kowane ramin gero giram 6 na kamfa, wato cikin murfin kwalbar lemo guda. A shukar da ke da tazarar mita ɗaya kowane gefe, rami 10,000 ke cikin hekta, kilo 60 ke nan, buhu ɗaya da kaɗan. Amfanin ya ƙaru ƙwarai a kan wanda ba a sa wa komai ba. Mai shuka kusa-kusa sai ya rage abin da yake sa wa rami, ko ya rage faɗin wurin. Kada takin ya taɓa iri. A sa shi gefe, ƙasa ta raba su.

Amma wannan dabara in aka yi ta ita kaɗai shekara da shekaru, tatsar gona ce, domin geron yana ɗibar fiye da abin da aka ba shi. Shi ya sa ake haɗa ta da ruɓaɓɓen taki cikin tafi biyu, kimanin giram 300, a kowane rami. Tan 3 ke nan a hekta. Wanda bai da tan 3 ya raba gonarsa uku, bana ya cika kaso ɗaya, baɗi na biyu, ya riƙa zagayawa, a kason da ya sha taki bara kuma ya sa gyaɗa ko wake. A faƙo mai tauri da ruwa ke gudu a kai, mutanen Tawa a Nijar suna haƙa 'yan ramuka tun rani, faɗin taki ɗaya na hannu ko fiye, su zuba takin a ciki. Tassa suke ce musu. Kuma duk gawon da ya tsiro a gona a bar shi. Yana kaɗe ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, kuma kowa ya ga yadda geron ƙarƙashinsa ke fin na gefe.

Wanda bai gamsu da lissafina ba, gonarsa na nan. Ya ware kunya arba'in a wuri ɗaya mai ƙasa iri ɗaya: goma kamfa kaɗai, goma ruɓaɓɓen taki kaɗai, goma a haɗa, goma kuma ya fesa musu ruwan jarkar in ya riga ya saya. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya. Da kaka ya ɗaure damin kowanne daban, ya sussuka daban, ya auna da tiya, ya rubuta. Ya kafa turaku a bakin kunyoyin don kada su ɓace masa, domin sai ya sake aunawa baɗi a wurin nan dai kafin ya ga abin da takin gargajiyar ya bari a ƙasa.